Hannuwan da Ke Ƙarƙashin Tukunya

Kai Nafi'u, zare wannan igiyar daga kunnenka in manya na magana. Ke kuma Ladidi, ɗazu ina kallonki kika sheƙa ruwan zafin taliya a bakin rariya, ko bisimilla babu. Wa ya ce miki ku kaɗai ne a gidan nan? Kun shiga boko kun fito, kun fi uban kowa sani. To wanda za ku ji labarinsa ya fi ku boko nesa ba kusa ba. Ku matso. Kar in ji haƙorin kowa.

Injiniya Haladu sunansa. Aikinsa duba ƙarfe. Ba ya ƙira, ba ya walda. Kamfanoni ne ke neman ofishinsu a Kaduna, a turo shi ya duba tankuna da bututai da tukwanen tururi, ya ce wannan zai kai baɗi, wannan ba zai kai ba. In ya sa hannu a takarda, inji ya ci gaba da juyawa. In ya ƙi, a kashe wuta. Kayan aikinsa a jaka ɗaya suke: hular kwano, tocila, 'yar guduma, da wata na'ura mai girman sabulu da ake mannawa a jikin ƙarfe ta faɗi kaurinsa.

Wata kaka aka turo shi kamfanin man gyaɗa na bayan gari. Akwai wata tukunyar tururi a can, ma'aikata na ce mata boila. Tsawonta ya kai ɗaki biyu. A kwance take bisa ginin bulo, ana hura mata wuta da ɓawon gyaɗa. Ta girmi rabin masu aiki a wurin.

Dokar aikin a bayyane take. A kashe wuta. A bar tukunya ta huce kwana uku. Mai duba ya shiga ciki ya bi ta lungu-lungu, wani na tsaye a bakin ƙofa riƙe da igiyar da ke ƙugunsa. Ba a zuwa kai kaɗai.

Manajan wurin, Alhaji Tukur, da ya ji haka sai ya kwashe da dariya.

"Kwana uku? A tsakiyar kaka? Injiniya, leƙa taga. Motocin gyaɗa har bakin titi."

"Ranka ya daɗe, ba ni na kafa dokar ba."

"Ni ma ba ni na kafa kaka ba."

Haladu ya zo Litinin, aka ce Laraba. Ya zo Laraba, aka ajiye shi a benci har la'asar, aka ce manaja ya fita. Haladu ya cika ya batse. Ran Juma'a Alhaji Tukur ya tare shi a ƙofar ofis yana gyara babbar riga.

"In an tafi masallaci za a rage wuta. Ka zagaya ta waje da 'yar na'urarka. Awa ɗaya ta ishe ka."

Ya kamata ya ɗauki jakarsa ya koma Kaduna. Bai koma ba. Ya gaji da zirga-zirga, ya ce a ransa gara a yi a gama. Har Juma'ar ma ya bari ta wuce shi.

Mai hura wutar tukunyar wani dattijo ne, Baba Mudi. Yana da wata ɗabi'a da samarin kamfanin ke yi masa tsiya a kanta. Kullum in zai buɗe famfon da ke zubar da tafasasshen ruwa ta ƙarƙashin tukunya, sai ya duƙa ya ce, "Bisimilla. A kauce, ga ruwan zafi nan." Ya tsaya ya ja numfashi uku. Sannan ya murɗa. Rannan ma haka ya yi a gaban Haladu.

"Baba, da wa kake magana?"

"Da maƙwabta, ɗana."

Haladu ya yi murmushin 'yan boko.

Baba Mudi ya rage wuta, ya ɗauki butarsa, sai ya tsaya. "In tsaya maka ne? Wurin nan ba a zama mutum ɗaya da rana tsaka."

"Je ka sallarka, Baba. Ƙarfe ba ya cizo."

Kowa ya watse. Injuna suka yi shiru. Rana ta tsaya a tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ba ka jin komai sai huci a cikin tukunya, kamar bijimi yana barci.

Haladu ya bi gefen dama yana manna na'ura yana rubutu. Lafiya. Ya bi gefen hagu. Lafiya. Ya rufe littafi.

"Mai guduma."

Ya waiwaya. Babu kowa.

"Mai guduma. Nan ƙasa."

Muryar kamar daga cikin dogon bututu take fitowa. Ya zagaya bayan ginin, inda ake kwashe toka. Akwai wata 'yar ƙofa a wurin, iyakarta gwiwa. Ya durƙusa. Zafi ya mari fuskarsa. Ya haska tocila.

Wani tsoho ne a tsugune a cikin toka. Siriri. Hannuwansa biyu a sama, tafukansa manne da cikin tukunyar, kamar mai tallafe da rufin ɗaki.

"Subhanallahi! Baba, fito, za ka ƙone! Wa ya bar ka ka shiga nan?"

Bakin tsohon ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe maganar ta iso.

"Miƙo gudumarka. Buga nan."

Ya nuna da haɓa. Haladu bai san sanda ya miƙa hannu ba. Ya buga. Ƙarfe ya amsa, tan, garau kamar ƙararrawa.

"Matsa kamu ɗaya. Buga."

Tan.

"Yanzu tsakanin hannuwana."

Dum.

Haladu ya ajiye guduma. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki, ya san wannan amon. Amon tulun da ya tsage ne. Tsatsa ta cinye ƙarfen ta ciki, saura ɓawo. Ya zaro na'ura zai manna, zafi ya hana ta karanta komai. Da ya janye hannu, hasken tocila ya sauka a ƙasa.

Tsohon ba takalmi. A kan garwashi yake. Dugadugansa ne ke kallon Haladu, yatsun suna kallon baya. Kuma tokar nan lumui take, babu sawun shiga ko ɗaya.

Ya ɗaga tocila. Hasken ya gilma can ciki. Hannuwa ne. Jere, har ƙarshen tukunya. Manya da ƙanana. Duk a sama, duk manne da ƙarfe. Duk sun ƙone sun yi fari.

"Kar ka gudu," in ji tsohon. "Tun ba a kawo ƙarfen nan ba muke zaune a nan. Wata bakwai ke nan muna riƙe da ita."

Haladu ya nemi addu'a a bakinsa ya rasa. Da ƙyar ya ce, "Don me?"

"Ba don mai kamfani ba. Don dattijon nan. Shekara ashirin yana sakin ruwan zafi, bai taɓa ƙona mana ɗa ko ɗaya ba. Shi ke tsayawa kusa da ita. In ta tashi, shi za ta fara ɗauka."

Tukunya ta yi wani nishi. Hannuwan suka ƙara danna ta.

"Mun gaji. An ce kai ne mai cewa a kashe wuta. Iyakarmu Juma'a mai zuwa. Rubuta abin da kunnenka ya ji."

Da rarrafe Haladu ya bar wurin.

Ana saukowa daga masallaci ya faɗa ofishin manaja, toka har gira.

"A kashe wutar nan yau. Cikin tukunyar ya ruɓe."

Alhaji Tukur ya karɓi littafin ya duba shafi-shafi. "Ni lafiya nake gani. Lafiya, lafiya, lafiya. Ina lambar ruɓewar?"

"Na'ura ba ta karanta wurin ba. Da guduma na ji."

"Da guduma. Wato in kori motoci arba'in, in sallami ma'aikata gida, don ka ƙwanƙwasa ka ji dum? Kankana muke saye? Wa ma ya nuna maka wurin?"

Injiniya guda, mai digiri, ya ce aljani ne ya nuna masa? Haladu ya haɗiye maganar.

Kafin magariba shugabansa ya kira shi daga Kaduna.

"Haladu, kunne ba ya shiga rahoto. Me na'ura ta ce?"

"Inda ta kai, lafiya. Amma yallaɓai, a ba ni kwana uku in shiga ciki, wallahi zan kawo maka lamba."

"Ba za su bayar ba. Akwai ofisoshi biyar da ke jiran mu yi tuntuɓe su karɓe aikin. Rubuta inda ta kai."

Asabar ya ƙi. Lahadi ya ƙi. Litinin ya koma ya roƙi ko kwana biyu, aka bar shi a benci. Ya ce ko kwana ɗaya, aka aiko masinja ya ce manaja na gaishe shi. Ya rubuta takardar gargaɗi, sakatare ya ajiye kofin shayi a kanta. Duk wanda ya tara da maganar sai ya ce, "Tukunyar da ta shekara talatin, sai da ka zo za ta fashe?"

Ran Talata ya zauna ya kalli takardar shaida. Ya ce a ransa, ai duk lambar da ke ciki gaskiya ce. Ai ban ƙara ba, ban rage ba. Haka mai son cin amana ke yi, sai ya fara yi wa kansa wa'azi. Ya sa hannu.

Da zai fita ya haɗu da Baba Mudi yana tura baron ɓawon gyaɗa.

"Ɗana, yaya tsohuwar tawa? Ta ci jarrabawa?"

Kalma ɗaya ta ishe shi. Da sai ya ce masa, Baba, kar ka ƙara tsayawa kusa da ita. Kunya ta hana shi, don tawadar ba ta bushe ba.

"Ta ci, Baba."

"Alhamdu lillahi."

Daga ranar ko loma ba ta wuce masa da daɗi. Ya ɗauki cokali ya taɓa kwano, ya ji dum. Ya rufe ƙofar mota, dum. Da Juma'a ta zagayo sai dabara ta zo masa, irin dabarar wanda ya saba da ofis, inda kowane wa'adi ana ɗaga shi. Ya ce zai je ya nemi alfarma.

Ya jira aka watse aka tafi masallaci. Ya ga fitar Baba Mudi da butarsa. Bai kira kowa ba. Ya zagaya baya shi kaɗai, ya durƙusa a bakin 'yar ƙofar.

Tsohon na nan yadda ya bar shi. Sai dai hannuwan na karkarwa yanzu, har kafaɗa.

"Ka zo."

"Na zo, Baba. Alfarma nake nema. Wata ɗaya. Kaka na wucewa za su kashe wuta, ni da kaina zan tsaya a yi gyara."

Haladu ya ƙara matsawa kusa.

"Sati biyu ma ya isa."

"Me ka rubuta?"

"Baba, ba su saurare ni ba. Na yi iya yina. Manaja ya ce..."

"Ban tambaye ka manaja ba. Kai ka buga. Kai ka ji. Me ka rubuta?"

Haladu ya sunkuyar da kai. "Na rubuta lafiyarta lau."

Bakin tsohon ya motsa, ya rufe. Maganar ta daɗe kafin ta iso.

"Dattijon ya kai masallaci?"

"Ya kai."

"To madalla. Abin da ke lafiya lau ba ya bukatar hannu."

Ya sauke hannu ɗaya. Can ciki, Haladu ya ga ƙananan hannuwan na sauka, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kashe fitilu. Ya miƙe ya zura da gudu. Taku bakwai ya yi.

Liman na cikin huɗuba ƙasa ta girgiza. Rufin kwano ya tashi sama kamar faifai. Murfin tukunyar sai a gonar dawa aka tsince shi, bayan katanga. Inda Baba Mudi ke tsayawa kullum, rami ne ya buɗe, ya isa a binne raƙumi. Amma ko kaza ba ta mutu ba. Kowa na sahu.

A cikin tsibin ɓawon gyaɗa aka tono Haladu. Ba karaya, ba ƙuna, ko ƙwarzane babu. Jini kawai ke bin kunnuwansa biyu. Mutane na ta yi masa sannu, yana kallon bakunansu na motsi.

Shi da kansa ya ba da labarin nan, da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin muryarsa. Baba Mudi da ya ji, sai ya je bakin ramin ya duƙa ya yi godiya, ya ɗauki butarsa ya koma ƙauyensu.

Don haka ku buɗe kunnuwanku. Ba a shiga bayan inji ko kango mutum ɗaya da rana tsaka. Ba a zubar da ruwan zafi ba sallama. Kuma abin da ka ji da kunnenka, kar ka bari hannunka ya ƙaryata shi, ko wa ya matsa maka.

Hukuma ta zo bincike, ta tarar da takarda da sa hannun Haladu na ranar Talata. Manaja ya ce shi bai san ƙarfe ba, masani ya ɗauko. Shugabansa ya ce shi bai je wurin ba. Aka karɓe lasisin Haladu. An kai shi asibiti uku, likitoci suka leƙa suka ce ba su ga abin gyarawa ba.

Wata huɗu bayan nan matarsa ta haifi 'ya mace. Aka miƙa masa ita tana tsala kuka, ya kara ta a kunnensa, ya juya ta ɗaya kunnen. Yau yarinyar ta isa aure. Bai san muryarta ba. Abu ɗaya aka bar masa yake ji, kowace Juma'a in rana ta tsaya. Dum.