Takardar Da Ba Ta Kamata Ta Fita Ba

Ko sallamar kirki Tawfiq bai yi ba, ya ajiye takardar a kan keken ɗinkin Mas'uda.

"Wannan ta waye?"

Saura sati uku bikinsu, gidajen biyu sun yi musayar sakamakon gwajin jini kamar yadda ake yi yanzu a unguwar Sabo. Garin sauri Mas'uda ta haɗa da wata takarda da ba ta kamata ta bar jakarta ba.

Kuma sai ta faɗa hannun Gwaggo Lami, ƙanwar babansa, wadda dama 'yarta ta so ya aura. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma shekara biyu tana raka mijinta asibiti kan ciwon fitsarin dattawa, ta haddace haruffan nan uku da ta gani a takardar: PSA. Ta rantse gwajin maza ne, wani ƙato yarinyar ke rufa wa asiri da sunanta. Kafin la'asar zance ya kai har unguwar Mokola.

"Kai ma ka yarda?" in ji Mas'uda.

Ya kawar da kai. Wallahi da mari ya yi mata da ya fi sauƙi.

Ta faɗa masa abin da likita ta ce: sinadarin ba na maza kaɗai ba ne, mata ma suna da shi kaɗan, har a cikin nono, kuma yakan ƙaru in jikin mace ya rikice. Shi kuwa yana kallonta kamar mai sauraron rantsuwar dillalin tumatir a kasuwar Shasha.

"To ke me ya kai ki asibitin?"

Tun tana shekara sha shida take ɓoye abin nan, ko ƙawayenta ba su sani ba. Ta sa hannu ta janye hijabi daga haɓarta. Kwana biyu ba ta tsige ba, gashin ya fito baƙi ƙirin.

"Ga namijin da nake ɓoyewa... kalle shi da kyau."

Kunya ta rufe shi, ya durƙusa a cikin ƙyallayen ɗinki.

"Sahibata, ki yafe min..."

"A ɗakinmu na so ka gani, Tawfiq. Da yardata."

Kwana huɗu ba ta ɗauki wayarsa ba, kullum yana tsaye ƙofar shagon kamar mai gadi. Ran na biyar ta turo masa kujera.

Ranar ɗaurin aure Gwaggo ta tare shi a soro, ta ce har yanzu ba a yi mata bayanin takardar ba.

"Ba za a yi ba, Gwaggo. Sirrin matata ne."