Wuri Mafi Sanyi a Gidan Teoh

Magariba ta sauko a kan garin Taiping da ƙanshin ruwan sama. Teoh Kok Leong yana cin shinkafa da kifi tare da 'yarsa Pei Shan, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa taga. Na uku daga cikin kicin ya fito, inda babu kowa, ya daki Teoh a goshi har jini ya ɗiga cikin abincinsa.

Tun da matarsa ta rasu ba ya iya barci sai ya sha giyar inabi, daga sha kuma ya koma tarawa. Zafin garin yana lalata ta, don haka ya bi gidan lungu-lungu da ma'aunin zafi yana neman inda zai haƙa mata rumbu. Wuri mafi sanyi shi ne bayan kicin, gindin wani tsohon suri, inda ɗan jan akwatin Datuk yake, aljanin da ke riƙe da ƙasar tun ba a gina gidan ba. Marigayiya ce ke kula da shi, Teoh kuwa bai taɓa tambayar abin da take ajiye masa ba. Ya sa aka matsar da akwatin, aka haƙa rami mai matakala, ya jera kwalabensa a kwance.

Da ya ga jini ya san wanda ya ɓata wa rai. Sai ya yi abin da ake yi wa babban baƙo: ya buɗe kwalbar da ya fi ji da ita, ya tsiyaye ta a gaban akwatin, ya durƙusa yana ba da haƙuri.

Bai miƙe ba ya ji ihun Pei Shan. Ya same ta tana buga kanta da bango, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabta uku suka riƙe ta, ta karya wa ɗaya hannu. Kwana huɗu ana haka, kullum da faɗuwar rana, duwatsu a kan rufi, yarinya ɗaure a kan gado, leɓɓanta a farfashe.

Ran na biyar aka ɗauko Tok Haji Saad, tsohon malamin da ke karantarwa a bakin gari. Ya leƙa ramin, ya shanshana gaban akwatin, ya dubi Teoh.

"Maigida, shekara talatin a gidan nan, ba ka san maƙwabcinka mai salla ne ba?"

Ya ce don yarinya ya zo, kwalabe ba ruwansa da su. Bayan ya yi sallar magariba ya zauna a gefen gadon ya fara karatu. Ɗakin ya yi tsit. Igiyar ta tsinke kamar zare, Pei Shan ta tashi zaune, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Matar gidan ta san ni. Baƙin kofi take kawo mini, da goron taunawa. Shi ya cika mini ɗaki da ƙazanta, sannan ya zuba mini a fuska."

Aljanin ya ce ran yarinyar yake so. Tok Haji ya ce jahilci ne, kuma ba ita ta yi ba. Aljanin ya murɗe wuyanta har ƙashi ya yi ƙara, malamin ya ɗaga muryar karatu har ya sassauta. Sun daɗe suna ja kafin su tsaya a kan magana ɗaya: Teoh shi kaɗai zai fitar da kwalaben zuwa titi kafin kiran isha'i. In ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasar gidan, wuyan yarinyar zai karye.

Teoh ya shiga hawa da sauka, kwalabe a ƙirji. An fara ruwa, matakalar ta yi santsi. A sawu na ƙarshe ƙafarsa ta zame, kwalba ɗaya ta daki bakin ƙofar ramin, wuyanta ya fashe, giya ta taso.

Bai yi tunani ba, ya kafa bakinsa a kan fasasshen wuyan. Gilashi ya tsaga masa leɓe da harshe, ya yi ta haɗiyar giya da jini yana tafiya, taki ɗaya bayan ɗaya, rigarsa dunƙule a ƙarƙashin haɓa. Ya ratsa tsakar gidan a haka. Sai da ƙafarsa ta taka kwalta ya faɗi yana amai.

Ladan ya ɗaga murya daga nesa. A cikin gida wani abu mai nauyi ya bi ta bayan kicin ya wuce, karnukan unguwa suka yi shiru.

Tok Haji ne ya fito da Pei Shan, tana dafe da kafaɗarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba?"

Teoh ya buɗe baki, tsagaggen harshen ya ƙi ɗaukar magana. Sai ya ɗaga mata hannu daga inda yake kwance cikin ruwa.