A Gaida Baffa Khamisu

Ranar da Habibullah ya fara ganin Nazira faɗa take yi, kuma da shi take faɗan ba ta sani ba.

A fadamar ƙauyensu ne, gefen Bagwai, inda manoman rani ke karɓa-karɓa da injin ban ruwa guda ɗaya na ƙungiya. Ta kawo wa mahaifinta Malam Isyaku fura, ta tarar albasarsa ta yi laushi, injin kuwa yana can gonar wani.

"Wai wane ne ya haɗa abin nan na waya da ke raba ranakun ruwa?" ta tambayi mutanen da ke hutawa a gindin mangwaro. "Ya sa wa Baba ranar kasuwa, bayan kowa ya san ranar ba ya gari."

Wani dogon saurayi ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. "Ni ne, ranki ya daɗe."

Da wata ce da kunya ta kama ta. Nazira kuwa gyara mayafi kawai ta yi ta ce, "To sai a gyara."

Habibullah ya gama sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa, amma bai taɓa koyon rubuta manhaja ba. Abin da ya iya shi ne bayani. Sai ya zauna ya faɗa wa AI, na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke wayarsa, abin da yake so, kamar mai yi wa tela kwatancen ɗinki, ita kuma ta haɗa masa. Da haka ya samar wa ƙungiya manhajar da ke tsara layin ruwa, tana tura wa kowa saƙon ranarsa.

Ya miƙa wa Nazira wayar. "Faɗa mata da bakinki. Tana jin Hausa."

Ta kalli wayar a ɗage, sannan ta ce, "Malam Isyaku ba ya nan ranar kasuwa." Nan take layin ya juya, sunan Baba ya koma gobe, wanda aka matsar dominsa ma aka tura masa saƙon ban haƙuri. Abin ya burge ta, ta dai ƙi nunawa.

"Ba laifi, Malam Na'ura," ta ce, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba.

Sunan ya bi shi, shi kuma ya bi mai sunan. Kafin albasa ta yi kai, ya zama ɗan zance a ƙofar gidan Malam Isyaku.

Sai dai a faɗi gaskiya, Habibullah bai iya kalaman soyayya ba ko na sisin kwabo. Saƙonninsa sukan zo kamar haka:

"Nazi, kin ci abinci? Na ga akuyarku a gonar maƙwabta, na koro ta."

Ita kuma ta mayar masa: "Malam Na'ura, akuyar ta gode. Ni fa ba ka da abin faɗa min?"

"Ina da shi. Yana da yawa ne."

Takan rungume wayar ta yi ta dariya ita kaɗai, har Inna Jumma, mahaifiyarta, ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Wajen surukai ne ya yi wa kansa wayon da ya zame masa ƙaya. Yana jin nauyin Malam Isyaku, yana kuma tsoron wata Juma'a ta wuce bai gaishe shi ba. Sai ya ce wa manhajar, kowace Juma'a da hantsi ta rubuta gaisuwa mai ladabi ta tura wa dattijon da sunansa, kada ta maimaita ta makon jiya, kuma ta riƙa sa gaisuwar ƙanin dattijon, Baffa Khamisu. Ya saita, ya manta.

Malam Isyaku ba ya karanta boko, idonsa ma ya fara rauni. Ƙaninsa Khamisu, wanda suke raba tabarma a zaure tun suna samari, shi ke karanta masa duk abin da ya shigo waya. In ya zo wajen sunansa sai ya ɗaga murya, ya amsa wa kansa da "Ina amsawa." Dattijon yana jin daɗin abin, har yakan ce wa Basiru, dillalin albasar da shi ma ke neman Nazira, "Ka ga yaron nan, ko sau ɗaya bai taɓa mantawa da ni ba." Basiru sai ya yi yaƙe.

An sa ranar da iyayen Habibullah za su zo tambaya. Saura kwanaki kaɗan, wata Juma'a da asuba, Allah ya yi wa Baffa Khamisu rasuwa.

Habibullah yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zauna a tabarmar makoki, daura da Malam Isyaku, tafin hannunsa a buɗe ana addu'a. A daidai lokacin wayar dattijon ta yi ƙara. Ya zaro ta, ya juya dama inda ya saba miƙawa, ya tarar ba kowa. Basiru ya yi wuf ya karɓa.

Ya kalli saƙon, ya kalli Habibullah, sannan ya karanta yadda na bakin ƙofa ma zai ji:

"Barka da Juma'a Baba. Ina fatan kun wayi gari cikin farin ciki, kowa na gida lafiya lau. A gaida min Baffa Khamisu. Daga ɗanku Habibullah."

Ga mai saƙon nan zaune, ƙasar kabari a bakin wandonsa, wayarsa a aljihu. Ba wanda ya buƙaci bayani. Habibullah ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Malam Isyaku ya karɓi wayarsa a hankali. "Ashe na'ura ce ke gaishe ni," ya ce.

Bayan sadakar uku ya aika gidan su Habibullah cewa maganar tambaya a dakata. Basiru kuwa ya dage da zarya, yau da goro gobe da lemo, ya kuma tabbatar maganar ta kai kunnen Nazira da ƙarin gishiri: wanda ya ba wa inji gaisuwar uba, me zai hana ya ba shi soyayyar 'ya?

Maganar ta soke ta. Ta kwana biyu tana juya tsofaffin saƙonninsa, kafin ta rubuta masa:

"Ka faɗa min gaskiya. Ni ma ita ce take rubuto min?"

Amsar ba ta daɗe ba.

"Wallahi a'a. Sau ɗaya na tambaye ta, ta kawo min wata da taurari da furen da ban taɓa gani ba. Na ji kunya na goge. Na Baba ne na yi, kuma ban kyauta ba. Na kashe shi tun a wurin. Nazi, kin ci abinci?"

Hawaye na idonta, amma dariya ta ƙwace mata. Ta sake duba saƙonnin: akuya, tayar babur, kin ci abinci, akuya kuma. Wace na'ura ce za ta yarda a ce ita ta rubuta wannan? Ta sauke wata ajiyar zuciya mai nauyi, a ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Saura Baba. Habibullah bai aika kowa roƙo ba. Kowace Juma'a da hantsi sai ya jingine babur ɗinsa nesa da gidan, ya tako, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin zaure ya gaida dattijon. Malam Isyaku ya amsa da "Lafiya" ɗaya tak, ya ci gaba da jan carbi. Yaron ya zauna a ƙasa har a kira sallah, sannan ya tashi.

Ana haka ranar ruwan Malam Isyaku ta wuce shi, don saƙon ƙungiya ya shigo ba mai karantawa. Habibullah ya kira Nazira hankali a tashe.

"Zan sa manhajar ta riƙa faɗa masa da murya. Aikin minti kaɗan ne."

"Na riga ka," ta ce. "Na karɓi wayar sakataren ƙungiya na yi mata bayani da kaina. Yanzu duk tsofaffin fadama da murya suke jin ranarsu. Ta Baba ce kawai na ce a bari."

"Don me?"

"Habibi, Baba ƙaninsa ya rasa. Gefen tabarmar nan har yau ba wanda ya zauna."

A karon farko ya gane akwai aikin da bai kamata a sauƙaƙa ba.

Juma'ar da ta biyo, yana durƙushe a inda ya saba, wayar dattijon ta yi ƙara. Malam Isyaku ya zaro ta, ya juya dama, ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙo ta gaba.

"Taso daga ƙasan nan ka karanta min."

Habibullah ya matso gefen tabarmar, ya karɓi wayar. "Ruwanka gobe da safe ne, Baba, bayan na Muhammad Auwal."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Ka san abin da ya ƙona min rai rannan? Ba na'urar ba ce kaɗai. Da na ji an ce a gaida Khamisu, sai da na waiga in ce masa ana gaishe ka." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Shi ne fa ya tsaya maka. Ya ce in ba ka Nazira. Na ce don saƙo? Ya ce saƙon me, ranar da injin ya nutse, wa ka gani cikin laka har gwiwa?"

"Baba, ka yafe min."

"Na yafe tun Juma'ar da ka fara zuwa. So nake in ga ko ƙafar taka ma saita ta aka yi." Ya ɗan murmusa. "Abin naku ya ci gaba da raba ruwa, ya iya, ya kashe mana rigima. Gaisuwa kuwa ka kawo min da kanka. Ka ce wa iyayenka su zo."

A bayan ƙofar zaure Nazira ta zame ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Inna Jumma ta dafa kanta tana ta "Alhamdulillahi" a hankali.

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Basiru ma ya zo, ya ci shinkafa ya yi addu'a, don dillali ba ya gaba da manomi. Malam Isyaku ya sa musu albarka har muryarsa ta dishe, ya roƙa wa Khamisu rahama, jama'a suka shafa.

Washegari da rana amarya na zaune a ɗakinta cikin ƙamshin turaren wuta, wayarta ta yi ƙara. Angon yana tsakar gida, tana ma hango ƙeyarsa ta labule.

"Amarya, kin ci abinci?"

Ta yi murmushi ta rubuta: "Ban ci ba, Malam Na'ura. Ka tako ka tambaye ni."

Ya ajiye wayar a kan turmi, ya cire takalmi, ya yi sallama. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.