Ranar da Aka Bar Tegan a Tsibiri

Ni na riga kowa ganin abin nan. Tun uwar yaron ba ta lura ba, tun shi kansa Darcy bai san ya jawo wa kansa ba, ni Clarrie na gani daga kujerata a ƙarƙashin bene. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma mutumin da guguwa ta yaye wa rufi a garin nan na Darwin ya fito da ƙafarsa, da matarsa a kafaɗa, ba a koya masa karatun fuska.

Lahadi ce, tsakiyar damina. Tegan, yarinyar da jikana Darcy zai aura, ta sauka daga jirgin sama da safe. Sati biyu take yi a wurin haƙar ma'adinai tana tuƙa babbar mota, ta zo gida sati guda. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuto gidanmu, saboda wasan.

Wasan na cikin kwali ne, labarin wani jirgin ruwa mai babi goma sha biyu. Ba a cin juna a cikinsa, ko duka ku tsira ko duka ku nutse. Kowa da katinsa mai sunansa da biro. Kowane babi yana cikin ambulan a manne, kuma abin da kuka yanke ya zauna, ba a gogewa. Mu huɗu muka fara: ni, 'yata Noeleen, ɗanta Darcy, sai Tegan. Ita ke karanta mana, tunda ni da kunne nake wasana.

Yarinyar nan gidajen riƙo biyar ta zauna kafin ta cika sha takwas. Ranar da Darcy ya rubuta sunanta a katin matuƙiyar jirgi, sai da ta hau sama ta wanke fuska. A ranar aka yi alkawari ba a buɗe ambulan sai tana nan.

Ta shigo tana dariya, ga ƙamshin kifi a kan gawayi.

"Mai gidana, ashe ba ka mutu ba?"

"Ina zan mutu ban ƙwace ki daga hannun wannan ragon ba?"

Ta sunkuya za ta sumbaci goshina, sai idonta ya sauka a kan kujerarta. Sharni ce a kai, 'yar maƙwabtanmu, wadda Darcy ya yi soyayya da ita a makaranta, wadda har yau Noeleen ke ajiye wa abinci. Ƙafarta ba takalmi, ta naɗe ta a kan kujerar. Ta miƙe ta ce sannu da zuwa, ta buɗe kabad ta ɗauko wa Tegan kofi ba tare da ta nema ba.

Tegan ta bi hannun da kallo. Ita ce yau ake ba kofi a gidan nan kamar baƙuwa.

Ta jawo kwalin ta buɗe. Ambulan na bakwai a yage. Ta juya katunan ɗaya bayan ɗaya, nata babu. A madadinsa ga sabo, an rubuta Sharni, kuma hannun Darcy ne, har da ɗan layin nan da yake ja a ƙasan suna.

"Ina katina?"

Darcy ya shiga juya kifin da bai buƙaci juyi ba. Noeleen ce ta yi bayani tana yanka lemon tsami. Wai makon jiya ruwa ya hana kowa fita, Sharni ta leƙo, ni tsoho ina ta mita, shi ne aka ce bari a taɓa babi ɗaya. A cikin babin jirgi ya ɓule, dole a sauke mutum guda a tsibiri, aka jefa ƙuri'a.

"Ke ce ba kya nan," in ji ta. "Wa kike so a sauke?"

Tegan ta rufe kwalin a hankali, ta fita cikin ruwan sama har gindin mangwaro. Darcy ya jefar da cokali ya bi ta.

"Tegan, rabin raina, wasa ne fa..."

"Wa ya fara ɗaga hannu?"

"Mama."

"Na biyu?"

Ya sunkuyar da kai. Ruwa na zuba daga gashinsa.

"Sunan nata kuma?"

"Biron ne ya zamo a hannuna, shi ke nan..."

"Layin ma biron ne ya ja? Ita ta karanta muku, ko? Ta iya? Ka yi mata dariyar da kake yi mini?"

Ya rantse babu komai tsakaninsa da Sharni, shekara tara ke nan da rabuwarsu. Ya ce mahaifiyarsa ce ta matsa, shi kuma ba zai kunyata ta a gaban baƙuwa ba. Tegan ta yarda babu komai. Shi ne ma ya fi ƙona mata rai. Babu komai, amma cikin yini guda aka sauke ta, aka zaunar da wata, aka ci kifi. Ta faɗa masa aikinta ba zai canza ba don an ɗaura aure. Kowane wata za ta yi sati biyu ba ta nan, kuma Sharni katanga ɗaya ce tsakaninta da teburin.

"Na san gidan da ake ajiye mutum kafin a samu wanda ya fi shi, Darcy. Guda biyar na sani. Ba zan shiga na shida da ƙafata ba."

Ta zare zoben baiko daga yatsanta ta zura a aljihun rigarsa, ta nufi motarta.

Makulli na hannunta, amma ta kasa sa shi a ƙofa. Daga nan tana hango teburin. Ta ga Darcy ya koma sharkaf, ya zazzage kwalin, ya ɗauko ɗan littafin dokoki yana buɗawa da jiƙaƙƙun yatsu. Ya karanta da ƙarfi, yana tuntuɓe a kan kalmomi, don karatunsa bai taɓa daɗi ba. Dokar ta ce ana iya juya jirgi a koma ɗauko wanda aka bari. Amma sai kowa ya ɗaga hannu, kuma jirgin da ya juya iska ta wuce shi, ba zai kai tsibirin ƙarshe ba. Ambulan na goma sha biyu ba za a taɓa buɗe shi ba.

Ya ɗaga hannu. Ni na riga shi, ko me ya ce. Akwai masu yaɗa cewa makon jiya ma na ɗaga. Sauro nake kora.

Sharni ta daɗe tana kallon Darcy. Wannan kallon ni na ga abin da ke cikinsa, Tegan ma daga bakin mota ta gani. Sannan ta ɗaga nata hannun, ta ture katinta tsakiyar tebur, ta ce da ma ita kifi ya kawo ta.

Saura Noeleen. Ta ce wata shida tana jiran ƙarshen labarin nan, ta ce ba a rushe tafiyar mutum huɗu don ran mutum ɗaya ya ɓaci, ta ce yaran yanzu komai sai sun mai da shi kuka.

"Mama," in ji Darcy, "ban taɓa musa miki ba. In ba za ki juya ba, ki sauke ni a can wurinta. Ku ƙarasa ku uku."

Noeleen ta juyo ta dubi yarinyar da ke tsaye cikin ruwa, da rigar aiki, da takalmin ƙarfe, jakarta har yanzu a kujerar bayan mota.

"Ke, shigo kar mura ta kama ki."

Tegan ba ta motsa ba.

Kifin ya fara ƙauri, ba wanda ya tashi. Can Noeleen ta goge hannu a jikin siket, ta ɗaga shi sama, da wuƙar lemon da komai.

"Ban san nan ne gidan da kika fara kira naki ba," ta ce. "Zo ki karanta mana, 'yata. Mun juyo."

Tegan ta taho tana kuka tana ɗigar ruwa. Ta tsaya a kan Sharni har sai da ta tashi daga kujerar, sannan ta zauna. Darcy ya zaro katinta daga ƙasan kwali ya ajiye a gabanta, ya ɗora zoben a kai. Ta ɗauki katin, ta bar zoben. Sai da ya yi Lahadi uku yana wanke kwanuka kafin ta miƙa masa yatsa.

Da rani aka yi bikin, a bakin teku. An gayyaci Sharni, kuma amarya da kanta ta zaɓa mata wurin zama, can kusa da injin wuta. Ni na fara rawa da amarya, ango yana tsaye yana kallo.

Jirginmu bai kai ko'ina ba. A babi na goma ya tsaya, mu huɗu a ciki. Wanda ya ce ƙarya nake, gidana ba a ɓoye yake ba. Ya zo ranar Lahadin da Tegan take wurin aiki, ya ja kujerarta ya zauna, in ya isa. Noeleen na nan da wuƙarta.