Quito ko Riobamba

Ranar da Tamia ta fara ganin Eloy, yana durƙushe a lambun wata kwaleji a Riobamba, hannunsa duk ƙasa, yana yi wa na'a-na'a magana ƙasa-ƙasa. Daga ƙauyensu da ke Otavalo ta zo duba makarantar, don kwalejoji biyu ne suka ɗauke ta karatun maganin gargajiya na shekara biyu, wannan da wata a Quito.

"Tana amsa maka kuwa?" ta tambaya.

Ya ɗago ya daɗe yana kallonta. "Kullum. Yau ne ta ga baƙuwa take jin kunya."

Ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe. Ya zaga da ita lambun, yana murza ganye yana miƙa mata ta sansana. Har motarsu ta isa gida ƙanshin bai bar yatsunta ba, ita kuwa sai murmushi take wa gajimare ta taga.

Yayyafi yake kiranta, don ma'anar sunanta kenan. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Yayyafina, lambu ya bushe, yaushe za ki sauka?"

Da ta ce Riobamba take so, babanta Don Segundo, masaƙi, ya ce sam. Quito ce mai asibiti da kayan aiki, ga kuma Fausto ɗan amininsa mai kanti a can, wanda ya daɗe yana sonta.

"Lambu za ki ko wurin mai lambu?" ya ce da ita.

Ta rubuta wa Eloy duk yadda aka yi. Amsarsa gajeriya ce: "Ki je Quito. Sun fi mu komai."

Sati biyu ba ta ɗauki wayarsa ba. Sai kakarta Mama Dolores, ungozomar ƙauyen, ta tsare ta a kicin.

"Ke, in kin gama, wa za ki yi wa magani?"

"Matan ƙauyenmu, Kaka."

"Da me?"

"Da abin da ke tsirowa a bayan gidajensu."

"To ai kin zaɓi makarantar mai lambu tuni, kukan me kike? Kira min yaron."

Eloy ya zo da kwandon burodi da ayaba. Tsohuwa ta jera masa ganye bakwai a tabarma, Don Segundo na tsaye ya harɗe hannu. Eloy ya faɗi sunan shida da amfaninsu. Na bakwai ya juya shi, ya sansana, ya sunkuyar da kai.

"Ban san shi ba, Mama. Ki koya min."

"Da ka ƙaga masa suna, da ka koma da burodinka," in ji ta. Don Segundo ya yi dariya, ya jawo masa kujera.

A bakin ƙofa Tamia ta ce, "Me ya sa ka kore ni Quito?"

"Tsoro na ji ki zaɓa domina, wata rana ki yi nadama."

"Wawa. Domin kaina na zaɓa. Kai ƙari ne."

Ta yi shekara biyunta a Riobamba. Watan da ta karɓi shaidarta aka ɗaura aure. Washegari, bisa al'adarsu, dangi suka raka su bakin rafi, aka wanke musu fuska da ƙafafu da ruwan furanni. Mama Dolores ta haɗa hannuwansu.

"Allah ya sa duk wanda kuka taɓa ya warke. Ku ma ku zame wa juna magani."