Muryar Gida a Bakin Rafi

Ku matso kusa. Ke Ladi, rage fitilar nan. Wannan labarin a makarantar tauhidi na ji shi, kuma bai taɓa barina ba.

Tun zamanin da, masu zuhudu na Kirista sukan bar tsibirin Ailan, can Turai, cikin jirgin fata, su tsallaka teku su je wa'azi. Kafin su tashi sai sun rantse ba za su ƙara ganin gida ba. A cikinsu akwai Fergal da tsohon malaminsa Ailil. Suka yada zango a wani ƙungurmin daji na ƙasar Farankawa, inda Faransa take a yau.

Fergal ya kasa zama. Mutanen wurin ba sa jin yarensa, shi ma ba ya jin nasu. Ya yi wa'azi, su yi dariya. Ya kwanta, ya tashi, ya zagaya bukka. Ailil ya ce ya yi haƙuri, bai ji ba.

Wata yamma ya sauka rafi ɗebo ruwa, shi kaɗai. Hazo ya rufe ko'ina. Ya tarar da wata mata tana wanki, ta ba shi baya. Ta gaishe shi da yaren Ailan, da muryar mahaifiyarsa sak.

"Ɗana, ka rame. Ga jirgi, mu tafi gida."

Ya nufe ta. Ya taka ɗaya, ya taka biyu. Sai ya lura sanyi na sa tururi fita daga bakinsa, ita kuwa babu. Ya dubi ƙasa. Taɓo ya shanye ƙafarsa har idon sawu, tata ko ɗigo.

Ya ce ya yi rantsuwa, ba zai koma ba.

"To ba ni abin gida da ya rage maka," in ji ta. Ta taɓa leɓensa da yatsa mai ɗanɗanon gishiri.

Ya yar da tulu ya ruga. Da ya isa, Ailil ya tambaye shi lafiya, amma Fergal bai gane ko kalma ɗaya ba, matar ta ɗauke masa yaren gida. Ya buɗe baki, sai yaren Farankawa ke zuba, tiryan-tiryan.

Shekara talatin yana wa'azi, ƙauyuka suka karɓe shi. Ranar da Ailil zai cika, ya riƙe hannun Fergal yana masa wasiyya da yaren Ailan. Fergal yana hawaye, bai san me aka ce masa ba.

Don haka in kuna baƙunta, kada ku sauka rafi ku kaɗai. In an kira ku da muryar gida, kada ku amsa.