Bidon da Ke Gaban Layi

"Ka biya, Mahdi... don Allah ka biya ka wuce!"

Ina tsaye bayan rumbunmu a Deule, wayar salula a kunnena. Shi kuwa yana can filin jirgin Abijan, cikin dogon layin bincike. Washegari Jumma'a ce, ranar da Baba ya sa masa ya zo da magabatansa neman aurena. Sau biyu yana ɗagewa saboda aiki, Baba kuma ya ce in ya saɓa ta uku an rufe maganar.

Ya ce akwai wata ƙofa ta gefe, in ka ba da jikka goma na sefa sai a caje ka cikin minti biyar. Na ce to me yake jira? Ya ce wani tsoho ɗan Keita ne ya riƙe masa gefen riga tun daga bakin ƙofa, bai iya karatu ba, bai jin Faransanci, kuɗin aljihunsa kuma ba su isa mutum biyu ba. Wai shi ma dai bai ga dalilin da mai kuɗi zai tsallake tsofaffi ba, alhali jirgi ɗaya za a shiga.

Na ce ai ba sata ba ce, don masu gaggawa aka buɗe ƙofar, kuma wa ya fi shi gaggawa yau?

"Zulai, hasken idona... in na sake mashi hannu ɓacewa zai yi."

"Ni hwa? Ni ba ni ɓacewa?"

Na kashe salula.

Jirgi ya tashi ya bar su.

Ranar Jumma'a na zauna da lallena a ƙafa kamar wata sakara, ina kallon sararin sama ta kan duwatsu. Duk farin gajimaren da ya gifta sai in ce jirginsa ne. A raina ina ganinsa ya sauko cikin farar shadda, yana wannan murmushin nasa mai sa in manta fushina. Ina sonsa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Samira 'yar baffana, wadda ta daɗe da sa masa ido, ba ta ɓata lokaci ba. Ta je ta gaya wa Baba wai Mahdi ya fi son jikka goma da 'yarsa. Baba ya kira ni ya tambaya. Cikin haushi na zayyane masa komai, har tsohon. Ya sallame ni.

Babana Malam Illa shi ke kula da pompon unguwarmu shekara ashirin. Dokarsa ɗaya ce: in ka aje bidonka, wato jarkar ruwa, a layi, ko ka tafi gona ba mai ɗaga shi, sai dai a riƙa tura maka shi gaba. Ko matar maigari ba ta tsallake.

Da safiyar Asabar na je ɗiban ruwa, na ga wani sabon bido ruwan ɗorawa a gaban layi, mata na kewaye shi. Na tambaya ko na wane ne, ba wadda ta sani.

Lahadi da hantsi Mahdi ya iso da baffanninsa, duk ya rame. Sai da ya raka tsohon har Keita. Ina leƙe ta zana, ya durƙusa gaban Baba ya fara ba da haƙuri.

"Tashi, ɗana," in ji Baba. "Tun Jumma'a na aje maka bido a layi, ba wanda ya taɓa shi. Tahi ka cika shi ka kawo ma Zulai."

Na jingina da zana ina kuka ina dariya.

Ya kawo shi a kafaɗa, shaddarsa duk ta jiƙe.

"Har yanzu dai da ka biya," na ce, ina share ido.

"To... in maida shi layi?"

Na riƙe hannun bidon gam.